Littafin Masu Fito

Ni ce Ut Diem, ni ke riƙe da littafin.
Bangonsa ya sha ruwan Mekong har ya kumbura.
Shafin farko hannun uwata ne, a karkace:
mata uku, kwale-kwale ɗaya, filafili uku,
na ukun aro ne daga gidan Tu Lanh.

Ba su ce mata ƙungiya ba a lokacin.
Gwangwanin madara ne a ƙarƙashin benci,
kowacce ta jefa abin da fito ya kawo.
Ranar da aka samu, a raba uku,
ranar da babu, ita ma babun a raba ta uku.

Damina bakwai, jirage suka zama tara.
Aka sassaƙa hatimi, aka zaɓi shugaba.
Da muka yi suna sai muka yi ofis,
da muka yi ofis sai muka sa ƙofa,
da ƙofa ta tsaya, sai ga matuƙan jiya
suna ƙwanƙwasawa kafin su ga uwata.
Gwangwanin ya koma akwatin ƙarfe mai mabuɗi biyu.
Ban san ranar da muka daina cin shinkafa a faranti ɗaya ba,
littafin bai rubuta wannan ba.

Sai Quang ya gangaro daga Can Tho
da jiragen inji masu shuɗin fenti,
ya karya kuɗin fito gida biyu.
Muka karya namu, muka sake karyawa
har akwatin ya fara amsa kuwwa.
Sau Nhan ta ce, ku bar shi da gudunsa,
inji ba ya jiran tsohuwa mai kwandon agwagi,
mu ne muka san wa ke biya ran girbi.
Gaskiya ta faɗa, amma gaskiya ba ta sayen dizal.
Muka ci bashi, muka ɗaura inji biyu.

Ɓarakar da ta fi ciwo daga cikin jirgi ta fito.
Bay Thuc ya tashi a tsakiyar taro,
ya tafi da jirage huɗu da rabin fasinjoji.
Na ja layi a kan sunansa, alƙalamin ya huda takarda.

Shekara goma muna hararar juna a kan ruwa,
mu da Quang, mu da Bay Thuc,
ba wanda ya ɗaga kai ya dubi sama.
A can aka shimfiɗa gada.
Ranar buɗe ta, babura suka wuce ta kanmu kamar tururuwa,
mashigi ya yi tsit,
har ana jin kifi na juyi.
Quang ya sayar da jiragensa a ma'aunin tsohon ƙarfe.

Mu ƙanƙanta ta cece mu.
Akwai ƙoramu tsakanin tsibirai da mota ba ta san su ba.
Can muka kutsa da jirage uku:
kwakwa da asuba, 'yan makaranta da hantsi,
ungozoma a tsakar dare, wani sa'in akwatin gawa.
Bay Thuc ya dawo da furfura, ya nemi tuƙi.
Na rubuta sunansa a ƙasan hudar.

Yanzu jikata Ngoc Tram ce shugaba.
A waya ake kiranta, a waya ake biya.
Tana so ta sake mana suna, ban hana ba,
kogin ma ba ruwan bara ne a cikinsa ba.
Jiya ta buɗe shafin farko, ta yi dariya:
Kaka, mu sayi filafili mu mayar wa jikokin Tu Lanh,
a rufe wannan bashi.

Na karɓe littafin daga hannunta.
Na ce bari sai baɗi.
Haka uwata ta ce da ni.