Ƙananan Layuka

A Gilasgo, da ta taso daga aikin dare,
Remedios ta zauna da takardar tikiti,
ko takalmin asibiti ba ta cire ba.

Kujerar zuwa Iloilo, fam ɗari uku.
A ƙasa kuwa ga layuka kamar jerin tururuwa:
harajin tashi, kuɗin mai, kuɗin tsaro,
kuɗin wani filin jirgi
da za ta ratsa tana gyangyaɗi.
Kaya sun fi jakin nauyi.

Ta ƙirga da yatsu:
dare goma sha ɗaya tana juya tsofaffi a gado
kafin ta biya kuɗin sararin
da babu wanda ya yi masa yaɓe.

Mahaifiyarta ta kira: "Yaushe?"
"Sai mangwaro ya nuna."
Ta ninke takardar,
ta ɗora kofin shayi a kai.