Mabuɗi Na Uku

Shekarar da fara ta cinye gero tun yana tsaye,
motocin Abijan suka kwashe maza, har masu furfura.
Aka bar mana tsofaffi, da yara, da rumbu wayam,
da jan dutse, wanda bai taɓa yin ƙaranci ba a Tawa.

Mata goma sha ɗaya, wata Laraba da la'asar,
suka baje tabarma a gindin aduwa.
Ba baƙo, ba tuta, ba mai jawabi.
Dala ashirin-ashirin a gwangwanin tumatir.
Habsu ta ce, "Wannan ko gishiri ba ya saye."
Kuluwa ta ce, "Zuba dai, da ɗigo tulu kan cika da ruwa."

Ni ina aji huɗu a lakwal
aka janyo ni daga wasan carafke,
don ni kaɗai na san inda sifili ke zama.
Na yage tsakiyar kayena na rubuta sunayensu.
Mushe ya zane ni washegari,
ban ce uffan ba, an sa ni rantsuwa.

Habsun nan mai raini ita ta fara cin bashi.
Tiya huɗu ta gyaɗa, ta matse mai, ta murza ƙuli,
ta dawo da kuɗin ƙulle a bakin zane,
har da ɗoriya, tana kawar da kai don kunya.
Daga nan maƙeri ya ƙera mana akwati,
kwaɗo uku, mabuɗi uku, wuya uku,
ba mai buɗewa sai ukun sun yi haɗuwa.

Kada a ce muku ba a yi faɗa ba.
Akuyar Tumba ta mutu da bashi a kanta.
Wasu suka ce a yafe, wasu suka ce adashi ba sadaka ba ne.
Mantai ta naɗe tabarmarta ta fice,
damina biyu ko a suna ba ta yi mana gaisuwa.
Ranar da ta dawo ba wanda ya tambaye ta,
an dai matsa mata wuri a inuwa.

Da muka roƙi gona, aka nuna mana faƙo,
mai unguwa na dariya cikin rawani.
Muka ɗauki diga.
Rabin wata, rabin wata, muka yi ta tsaga ƙasa,
tafin hannu ya yi kanta, ya fashe, ya sake yi.
Ruwan farko ya zo da gudu kamar kullum,
ya tarar an yi masa wurin zama, ya zauna.
Yau je ka gani, sai ka sunkuya ka wuce ƙarƙashin bagaruwa.

Albasa mun daina sayarwa ranar da aka tone ta.
Tana kwana a rudu har ta yi tsada
kafin ta ga kasuwa.

Injin niƙa ya mutu sau uku, sau uku mun tashe shi.
Amalanken shanu, da katifa a kai,
ta kai mata nawa asibiti da tsakar dare?
Na daina ƙirga, amma yaran na nan suna ƙiriniya,
ɗaya ma sunanta Laraba, don tunawa.

Kuluwa ta kai sittin tana dangwala yatsa.
Wata rana ta ture tawadar, ta karɓi alƙalamina.
Ta daɗe a kan harafin farko kamar mai haƙa rijiya,
gumi na ɗiga a takarda,
sannan ta ɗago ta ce, "Ashe haka nake."
Bara, bayan girbi, ta yi tafiyar da ba dawowa.

Yanzu mu ɗari biyu ne da bakwai.
Gwangwanin na nan cikin akwati, ya yi tsatsa.
Mabuɗinta ne a wuyana, igiyar ma ban sake ba,
har yanzu tana ƙanshin man gyaɗa da hayaƙi.
Gobe Laraba. Ku zo da wuri,
Habsu ba ta son jira, ga ciwon gwiwa.