Ɗaya Cikin Arba'in

Ƙashi goma sha ɗaya suka tono a makiyayar tumakinmu,
can bayan Zapala, inda iska ba ta san hutu ba.
Sauran dabbar, ƙasa ta ci abinta.

Dakta Calfín ta durƙusa da tef ɗin awo,
ta zagaye ƙashin cinya kamar tela a ƙugun mai riga,
ta rubuta, ta soke, ta ciji biro.
Ta ce, kaurin ginshiƙi ke tona nauyin soro.
Na ce, to wuyan fa? Wutsiyar fa?
Ta ce, aro za mu yi wurin danginsa
waɗanda ƙasa ta fi yi wa adalci.
Mita talatin da biyar. Tan saba'in.
Sai ta ƙara da "wataƙila", ƙasa-ƙasa,
kamar mai gudun kada ƙashin ya ji.

Ni sana'ata yumɓu ce da waya.
Duk abin da ta faɗa, nawa in raba shi arba'in.
Dainoson da zai leƙa bene hawa huɗu
ya kwanta a teburina, bai kai mita ba,
kusa da kofin shayi da gwangwanin fenti.
Cinyar da mutum shida suka kasa ɗagawa
ta dawo tsawon ɗan yatsana.

Na zuba guda ɗari biyu. Suka tafi Osaka, suka tafi Porto.
Masu tarawa suka jera su a kabad na gilashi
suna bin su da rula.

Shekara uku, sai ga Dakta a ƙofar shago,
takalmanta duk jar ƙasa.
An sami gaɓar wutsiya. Lissafi ya motsa.
Yanzu talatin da ɗaya ne.
Na ɗauko zarto ban ce uffan ba,
na rage santimita goma daga dabbar
da ta yi shekara miliyan casa'in ba wanda ya taɓa ta.
Wani Bogumił ya rubuto daga Kraków:
to wanne ne na gaskiya, nawa ko sabon?
Har yau wasiƙar tana ƙarƙashin kofi.

A gefen kowane dainoso akan tsayar da ɗan mutum,
don ido ya san girman abin da yake kallo.
Na ce zan yi Baba.
Evaristo Huenchul, wanda ya yi tuntuɓe da ƙashin
yana neman tunkiya mai ciki,
ya zauna a kai ya sha taba, yana zaton dutse ne.

Na murza yumɓu, sai hannuna ya tsaya.
Nawa ne tsayinsa?

Shekara talatin ina ɗaga kai in dube shi,
ban taɓa aunawa ba.
Zulema ta ce dogo ne, yakan sunkuya a ƙofar kicin.
Inna ta ce a'a, hular ce.
Hoton da ya rage, a kan doki yake.

Da dare na sauko da kwat ɗinsa daga ƙusa,
na shimfiɗa a ƙasa, na durƙusa da tef.
Kafaɗa zuwa kafaɗa. Kafaɗa zuwa wuyan hannu.
Takalmi ƙafa ɗaya, dunduniya ta cinye ta waje.
Abin da babu, na ara a jikina.
Na rubuta, na soke.
Har yanzu aljihun yana warin ulu da taba.

Santimita huɗu da ɗigo biyu.
Na tsayar da shi a gindin ƙafar gaba,
kansa bai kai gwiwar dabbar ba.

Dakta ta sunkuya ta daɗe tana dubansa.
Ta ce, haka yake?
Na ce, wataƙila.