Mai Rufe Baya

Mu goma sha huɗu muka taso daga Groningen,
ƙasar da ke shimfiɗe kamar faifai,
inda tudun da ya fi kowane tudu
shi ne gadar da muke haurawa da keke.
Shekara guda muna zubi a asusun ƙungiya,
muna hawa benen laburare ran Laraba don gwaji,
sai ga mu a Tirol, wuya a ɗage,
kowa ya yi tsit kamar an miƙa masa sammaci.

Aikina rufe baya.
Ba don ƙarfi aka ba ni ba, don ba na gaggawa ne.
Ni ke tsintar safar hannun da ta faɗi,
ni ke ƙirga kawuna a kowace kwana,
na san bayan kowa fiye da fuskarsa:
jar jakar Hidde da cokali ke ƙara a cikinta,
ƙeyar Sjoukje da rana ta gasa,
da Wiebe mai agogon ƙirga taku,
yana shelanta mana adadi, ba wanda ya tambaye shi.

Vroni ce ja-gaba, 'yar kwarin nan.
Ba ta duba taswira, gajimare take dubawa.
Ta ce a nan ba a tambayar nisa,
awa nawa ake tambaya, kuma da gwiwar wa.

Rana ta uku hanya ta tsuke.
Itatuwa suka raka mu iyakar ikonsu, suka tsaya.
Saura tsakuwa, da ƙararrawar shanu can ƙasa,
da wata dabba mai kama da gafiya
a bakin raminta tana yi mana fito.
Geertje, mai shekara saba'in da huɗu,
ta yi ta ja baya har ta zo daidai da ni.
Taku ashirin, ta tsaya. Taku goma, ta tsaya.
Wai furanni take kallo.
Na durƙusa muka kalle su tare,
shuɗɗa ƙanana, ko farce ba su kai ba.
Ban ce uffan kan hakinta ba,
ita ma ba ta tanka nawa ba.

Saura rabin awa mu kai ƙololuwa
Vroni ta shaƙi iska, ta juya sandarta.
Mu koma, in ji ta.
Wiebe ya nuna agogo, ya kawo zancen kuɗin jirgi,
ya ce shekara guda fa!
Ta ce dutsen bai san da asusunku ba,
yana nan baɗi, kai ne ban sani ba.
Ba mu yi taku ɗari ba fari ya haɗiye mu,
ƙanƙara ta shiga jifa kamar mai bin bashi.
Sai ga na baya ya zama na gaba:
ni da tsohuwa muke jan layi,
muna laluben jan fentin da aka shafa wa duwatsu,
masu sauri na taka sawunmu.

A masaukin katako muka jera takalma ashirin da takwas,
safa na tururi a gefen murhu.
Traudl ta kawo romo da curin burodi a ciki,
ba wanda ya tsaya tambayar sunansa.
Wiebe ya kwance agogon ya jefa aljihu,
ya zauna yana manna wa Hidde filasta a diddige.

Tsakar dare minshari ya kore ni waje.
Sama ta wanke tas. Ga ƙololuwar a tsaye,
wata ya shafa mata alli,
kusa, kamar in miƙa hannu.
Har na juya in tashe su
sai na ga Geertje kan benci, cikin bargo,
ta riga ni.
Ta matsa, ta ba ni wuri.
Ta ce, ƙirga mu mana.
Na ce biyu.
Ta ce to, mun cika.