Gonar Faranti

A Hull, hawa na huɗu, bayan ƙofa mai lambar sirri,
nake noma da dare.
Gonata faranti ce, ba ta fi tafin hannu ba,
ƙasarta jinin doki ne da aka daskarar,
daminarta akwati mai ɗumin jikin mutum.
Abin da na shuka jiya yau ya tsiro.

Ban san fuskar kowa ba a asibitin nan.
Kwalabe na sani.
Pickering ke kawo su a kwando, yana fito, rigarsa jiƙe da ruwan sama:
fitsarin wata tsohuwa daga Hessle,
kakin wani da ya ƙare ƙuruciyarsa a jirgin kamun kifi,
mugunyar maruru daga cinyar ɗan ƙwallo.

Na leƙa madubi.
Ga Ikolai, 'yan sanduna ja-ja,
ɗan gida ne a hanji, ba ya cin naman kowa,
amma ranar da ya ɓata hanya ya faɗa mafitsara
sai tsohuwa ta kwana tana zarya, kamar an zuba mata barkono.
Da ɗan gari, ai, akan ci gari.

Na maruru sun dunƙule kamar nonon inabi,
a hancinmu suke haya, ba sa biyan ko kwabo,
jira suke fata ta tsage.
Na maƙogwaro sun jeru tamkar carbi
da ba a taɓa ambaton Allah da shi ba.
Wani yana kore, yana ƙamshi,
ƙamshin da ba na so in ji daga farantin mai ƙuna.

Na tarin fuka shi ne dattijonsu.
Ba ya gaggawa.
Sai ka yi makonni kana gaishe shi kafin ya amsa,
haka kuma yake cin huhu,
loma ɗaya yau, loma ɗaya jibi.

Ƙarfe uku da kwata Pickering ya shigo babu fito.
Ruwan laka ne, na yaro ɗan shekara shida.
Lafiyayye garau yake kamar ruwan randa,
wannan ya yi kama da tsarin gero.
Na shafa, na rina, na wanke, na leƙa.

Bibbiyu suke, fuska da fuska,
kamar ƙwayar wake da aka tsaga.

Na san ku.
Ban taɓa ganinku ba a lokacin, amma na san ku.
Bazarar da wuyan Ilu ya sandare a Malumfashi
ku ne.
Aka ce iska ce, aka ce ya bi ta gindin tsamiya,
aka turara, aka tofa,
Inna tana rufe masa ido da gyale don haske na sukarsa.
Kwana biyu.
Takalmansa suka shekara a bakin ƙofa.
Ashe duk wannan kuka
abin da bai kai ƙurar kan allura ba ne ya sa mu.

Hannuna bai yi rawa ba sai da na ajiye waya.
"Sanƙarau ne," na ce wa likita Moira,
ta ce allurar farko ta riga ta shiga jijiya,
yanzu dai sun san da wa suke faɗa.

Na wanke hannu har gwiwa,
tsakanin yatsu, ƙarƙashin farce,
kamar alwala, amma da sabulu.
Ni ma gari ce, na sani,
da unguwanni, da baƙi, da 'yan haya,
yawancinsu masu zaman lafiya.

Gari ya waye a kan kogin Humber, toka-toka.
A tashar bas wata yarinya ta yi atishawa,
uwarta ta miƙa mata hankici.
Ban san sunan yaron ba, lamba ce kawai a takarda,
ta ƙare da bakwai da biyu.
Gobe da dare zan tambaya.