Tiya Arba'in

A unguwar Zariya, bayan shagon mai faci,
muka kama ɗaki, ni da Nomau:
tebur biyu, fanka mai tari,
da manhajar matan da ke matsar man gyaɗa.
Ni ke da abin da ke cikin waya,
shi ke da uwar garke, can inda lissafi ke kwana.

Rumbu biyu muka gina tun farko.
Ya ce, kowa ya tsare nasa,
kada tsakinka ya shiga garina.
Na ce to.
Taku uku ne tsakanin kujerunmu,
amma aikinmu bai taɓa gaisawa ba.

Ran wata Laraba ya sauya kalma guda.
Inda aka rubuta tiya, ya sa kilo.
Ya ajiye a rumbunsa da ɗan bayani:
"na gyara awo."
Ni ina nawa rumbun
ina ta fama da launin maɓalli,
ko kore, ko ruwan ƙasa.

Ran Juma'a sai ga Tsahara daga Tibiri,
ma'ajin ƙungiya, ta sauko daga kabu-kabu
ko kuɗin mai babur ba ta miƙa ba.
Ta aje wayar a kan teburina.
"Tiya arba'in na auna da hannuna.
Wannan abin ya ce kilo arba'in.
Ina sauran gyaɗar mutane?"

Babu ɓarawo, Tsahara.
Babu ɓera, babu gara.
Baki biyu ne ke kiran abu guda
kowa da sunan da ya ga dama.
Ban faɗa mata haka ba.
Na ba ta kujera, Nomau ya tafi neman shayi.

Daren nan wuta ta ɗauke,
muka bi tarihi da sauran batir,
ajiya bayan ajiya, kamar mai bin sawun akuya.
Tarihina bai yi ƙarya ba,
nasa ma bai yi ba,
sai dai babu layin da ya ce:
wannan waya da wannan uwa ranar nan suka dace.

Nomau ya ce, in an haɗa, za ka taka mini aiki.
Na ce, in an raba, ga abin da muka taka.
Ya ce, rumbu zai yi nauyi.
Na ce, mu biyu ne, Nomau,
nauyin me?
Muka yi shiru. Sauro ya ci rabonsa.

Da asuba muka tsaida magana.
Rumbu ɗaya, ɗaki uku.
Na waya a dama, na uwar garke a hagu,
na tsakiya kuwa sunaye kaɗai ke ciki:
mene ne tiya, mene ne bashi,
wace lamba ke tafiya, wace ke dawowa.
Wanda zai taɓa ɗakin tsakiya
ya yanki reshe, ya kira ɗan'uwansa,
ba a haɗewa sai ido huɗu sun gani.
In za a saki sabo, tambari ɗaya kan duka.
Kalmomin sirri kuwa ba su kwana a rumbu,
wannan ko gardama ba mu yi ba.

Ban ce mun gama ba.
Akwai wayoyi a Jiratawa da Safo
da ba su ga sabuntawa ba tun kakar bara,
har yau da tiya suke tambaya,
dole uwar garke ta amsa musu da harshensu.
Nomau na gunaguni, yana rubuta hakan.

Tsahara ta dawo ran kasuwa
da ƙuli-ƙuli a baƙar leda.
Ta duba waya, ta duba littafinta mai bangon shuɗi,
ta sake duba waya.
Littafin dai ba ta bar shi a gida ba.