Allon Asibitin Ido

Shekara talatin da ɗaya na yi ina shaƙar alli
a wata makaranta can bayan Ƙofar Marke,
ina ɗura wa 'ya'yan mutane Turanci.
Akwai darasin da nake ji da shi:
siffofin nan masu doguwar wutsiya
da Bature ya ware wa abin da ke ganuwa,
da wanda kunne ko hankali ke kamawa.

In na jera su a allo, yara su yi tsuru-tsuru.
Sai in ce, ku saki jikinku,
mu ma muna da su a gida, ba sai mun je aro ba:
hasumiya daga bakin Rima tana hanguwa,
kiran Asuba daga Kanwuri yana jiyuwa,
ɗacin maɗaci ba ya ɓoyuwa,
rubutun Luba kuwa,
sai in dakata, aji ya shirya dariya,
rubutun Luba ba ya karantuwa.

Kujerar baya take zama, gindin taga.
Ba ta taɓa kuka ba.
Jan birona ya san littafinta
kamar yadda akuya ta san hanyar dusa.

Yau Modi jikana ya goyo ni a kabu-kabu
tun daga Runjin Sambo.
Gari duk kamar an dama shi da nono.
Motoci sai ƙara, mutane sai inuwa.
Yana ta rufe idon dama bara,
ga na hagu bana yana bin ɗan'uwa.

Aka zaunar da ni. Wata mai farar riga
ta rufe mini ido guda da tafin roba.
Ta ce in karanta allon da ke bango.
Ni da allo! Na gyara zama.
Babban baƙin sama, na canka, na dace.
Layi na biyu na yi ta lalube.
Na uku kuwa, wallahi, tururuwa.

Ta ce, "Malam, mi kaka gani?"
Ba Baba ta ce ba, ba Alhaji ba.
Malam, da ɗan jan nan a ƙarshe
irin na mai neman izinin fita shan ruwa.
Fuska ta ɓace mini,
amma murya ba ta tsufa yadda fuska ke tsufa,
ko cikin kasuwa tana ganuwa.

Na ce, Luba ce?
Ta ce, ita ce.
Fanka ta yi ta juyi a kanmu.

Ta jawo kati tana cikawa.
Na kasa kunne, don shi ya rage mini.
Awarwaro na kaɗawa tare da biro,
amma ta ɓangaren da ban zata ba.
Hagu.
Ashe bahaguwa ce.
Shekara uku tana gabana
tana kokawa da hannun da ba nata ba
don tsoron bulalar gida da tawa,
ni da idanu biyu garau,
da tabarau a kai don ƙawa,
ina koyar da sunayen abin da ke fili
ban ga wannan ba.

Na buɗe baki, maganar ta ƙi haɗuwa.
Ta ce, "Aiki na kwana guda ne, Malam,
yanar nan tana ciruwa.
Ka zo Talata da sassafe."

A bakin ƙofa Modi ya karɓi katin.
Ya ce, "Kaka, wannan rubutu sai ka ce na inji."
Na ce ba ni nan.
Na kai shi dab da hanci, na juya shi ga rana,
na matse idon hagu har ya kawo ruwa.
Fari dai, da ɗan toka-toka.
Na sa shi a aljihun gaba, inda jan biro ke zama da,
na ce ya tayar da mashin, rana tana dukan ƙeya.